Ƙirƙirar waƙa nan take: daga fadojin Zamfara zuwa dandalin kiɗan rok

Ƙirƙirar waƙa nan take, wato mawaƙi ya tsara baiti ko makaɗi ya sauya kiɗa a gaban jama'a ba tare da ya zo da shi daga gida ba, tsohuwar fasaha ce a ƙasar Hausa, kuma Zamfara na daga cikin wuraren da suka yi fice a kanta.

A fadoji irin na Gusau da Bunguɗu da Tsafe, da kuma Kwatarkwashi, garin da ke gindin babban dutsen nan a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe, an saba jin makaɗa a lokutan hawan salla da naɗin sarauta.

A irin waɗannan taruka ne dai ake gane gwani, domin babu wanda ya san baƙon da zai iso, ko kyautar da za a yi, ko maganar da za ta taso.

Manyan makaɗan yankin

Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, haifaffen Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Ya rasu a shekarar 1973.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, makaɗin kotso, ya koyi sana'ar ne a gida, inda ya daɗe yana yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙoƙi, haka ma 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu. Ya rasu a 1991.

Akwai kuma Sa'idu Faru, da Ibrahim Narambaɗa wanda ya yi zamansa a fadar Sarkin Gobir na Isa.

To amma wanda sunansa ya fi tafiya da wannan fasaha shi ne Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa ta jihar Katsina, wanda ya rasu a 1999. An san shi da yanko waƙa a take, masu kalangu su kama, 'yan amshi su bi.

Yadda ake gina waƙar

Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun raba waƙar makaɗan Hausa zuwa gindi da ɗiya.

Gindi shi ne layukan da ake komawa gare su a kai a kai, kuma ba safai suke sauyawa ba. Ɗiya kuwa su ne sassan da jagora ke jerawa tsakanin gindi da gindi, kuma a nan ne yake da damar ƙarawa ko ragewa.

Yayin da 'yan amshi ke rera gindi, jagora na samun 'yan daƙiƙoƙi ya numfasa, ya duba taro, ya kuma shirya abin da zai faɗa.

Sanƙira na taimaka masa da sunayen mahalarta da labarin kyautar da aka bayar, shi kuma sai ya saka su cikin waƙa tun kafin mai kyautar ya zauna.

A wasu ƙungiyoyin ma, musamman na makaɗan fada, jagora kan fara magana ne kawai, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa. Hakan ba ya yiwuwa sai an yi shekaru ana tare.

Harshen Hausa kansa yana da nasa sharaɗin. Tun da karin sauti na iya sauya ma'anar kalma, dole sabon baiti ya hau kan kiɗan ba tare da ya karya kalmomin ba.

Sannan wajibi ne makaɗin fada ya san salsalar gidan sarauta, da kirarin kowane basarake, da wanda ake jituwa da shi, da wanda za a yi wa habaici. Kuskure guda a gaban sarki na iya jawo wa mawaƙi asarar ubangida.

Abin da ake ji kamar ya faɗo daga sama ke nan, tarin kirari ne da karin magana da tarihi da mutum ya yi shekaru yana ajiyewa a ka.

Takwarorinsu a Turai da Amurka

Wannan tsari na kafa ginshiƙi sannan a sake wa gwani mara, ana samun irinsa a kiɗan rok na Turawa, wanda ake yi da jita mai lantarki da ganguna.

A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasan Ingila suka fito da wani reshe da ake kira progressive rock, wanda za a iya cewa rok ne mai dogon zango. Maimakon waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba sawa, sai suka riƙa yin kiɗan da kan kai minti 20, suna aro daga kiɗan jaz da kiɗan gargajiyar Turai.

Ƙungiyar King Crimson, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1969 tare da mai jita Robert Fripp, ta shahara da hawa dandali ta fara kiɗan da babu wanda ya san inda zai ƙare.

A watan Nuwamban 1973, a wani wasa a birnin Amsterdam, uku daga cikin makaɗanta suka shiga wani kiɗa mai sanyi da ba a tsara ba. Mai ganga Bill Bruford ya riƙe sandunansa har aka gama bai buga ko sau ɗaya ba.

Da aka fitar da kiɗan a faifai a 1974 da sunan Trio, sai aka sa sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙira shi, saboda an ɗauki shirun nasa a matsayin gudummawa.

Kiɗan metal kuwa, wanda ya fi rok nauyi da amo, ana danganta tushensa da ƙungiyoyi irin su Black Sabbath ta birnin Birmingham, wadda faifanta na farko ya fito a 1970.

Reshensa mai dogon zango, kamar na ƙungiyar Dream Theater da aka kafa a Boston ta Amurka a 1985, ya fi dogara ga kiɗan da aka tsara daki-daki, domin ma'aunin bugun kan sauya sau da dama cikin waƙa guda.

Duk da haka, biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, John Petrucci da Mike Portnoy, sun haɗu da Tony Levin da Jordan Rudess a ƙarƙashin sunan Liquid Tension Experiment, inda a 1998 suka fitar da wani kiɗa na fiye da minti 28 da aka yi shi nan take.

Babban bambanci dai shi ne, a wurin waɗannan makaɗa sauti ne ake ƙirƙira, alhali a wurin makaɗin Zamfara kalma ce kan gaba, kiɗa na biye da ita.

Abin da faifai ba ya kamawa

Yawancin abin da ya rage na su Jankiɗi da Narambaɗa, naɗe-naɗe ne na gidajen rediyo, irin su Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, da kuma kaset-kaset.

Sai dai kuma kowane naɗi zama ɗaya kawai ya kama. Waƙar da aka rera sau ɗari, kowane karo da sababbin ɗiya, ta kan tsaya a kan siffar da aka ɗauka ranar, har masu sauraro su ɗauka ita ce waƙar.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da bunƙasar finafinan Hausa a Kano, akasarin sababbin mawaƙa na haɗa kiɗansu ne da fiyano da kwamfuta a situdiyo, kuma a wurin biki sau da yawa faifan ake sawa mawaƙi ya bi.

A Zamfara kuma, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a shekarun 2010 sun raba ɗimbin mutane da ƙauyukansu, ciki har da na yankunan Tsafe da Bunguɗu.

Bukukuwa da filayen dambe da gayyar noma na irin waɗannan ƙauyuka su ne makarantun da yaro ke fara amshi a bayan mahaifinsa ko yayansa, kamar yadda Ɗanƙwairo ya yi, kafin wata rana a ba shi jagoranci.