Amanar Bayanan Manomi Bayan Fallasa: Nazari a kan Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Tsakure

Wannan maƙala tana duba halin da manomin rani yake shiga idan bayanan shaidarsa suka kuɓuce daga hannun waɗanda aka damƙa wa su, suka faɗa ɓoyayyen sashen intanet. Hujjarta ita ce, tun da lambar shaida ba ta sauyuwa, kariyar da ta saura ta rataya ne a kan layin waya, da kuma a wuyan waɗanda suka tattara bayanan tun farko.

Shimfiɗa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, magudanai suka ratsa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, manomin wannan yanki ya saba da a rubuta sunansa da girman gonarsa. Sai dai rajistar wancan zamani littafi ce a cikin kabad, wadda ba ta da abokin gaba illa gara da ɗigar damina. Al'amarin ya sake kama a 2012, sa'ad da gwamnatin tarayya ta fara rabon taki ta saƙon waya. Aka kawo lambar shaidar banki ta BVN a 2014. A Nuwamban 2015 Babban Bankin Najeriya ya buɗe shirin lamunin manoman shinkafa da alkama, wanda a lokacin ba a shiga sai da wannan lamba. Daga bisani, a Disamban 2020, aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ta haka suna da hoto da ranar haihuwa da asusu da layi suka zama sarƙa guda, wadda duk wanda ya kama bakinta yana iya jawo sauran.

Yadda bayanai suke fita

Ɓoyayyen sashen intanet shafuka ne da ba a isa gare su sai da manhaja ta musamman irin Tor, wadda asalinta binciken rundunar ruwan Amurka ne, kuma a can ake cinikin bayanan sata ba tare da mai saye ya san mai sayarwa ba. Amma abin da ya bayyana a 2024 ya fi wannan tayar da hankali, domin a watan Maris 'yan jaridar FIJ sun fallasa shafin XpressVerify yana sayar da bayanan NIN, a watan Yuni kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna AnyVerify yana yin haka a kan naira 100, dukansu a sarari, ba a ɓoye ba. An rufe shafukan, amma abin da aka riga aka kwafa ya tafi, kamar ruwan da ya fasa bakin magudana ya shiga gonar maƙwabci.

Abin da ya saura a hannun manomi

Mabuɗin sirri ana sauya shi cikin minti guda. Lambar NIN da BVN kuwa, da yake an ɗaure su da zanen yatsa, suna tare da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka wajibi ne a fahimci cewa bayanan da suka fita, su kaɗai, galibi ba su isa su buɗe asusu ba. Amfaninsu ga macuci shi ne su saya masa gaskatawa, ta yadda idan ya bugo waya a kakar tumatir, lokacin da kuɗin kasuwar Kwanar Gafan suke shiga asusu, ya ambaci sunan manomi da na bankinsa da ranar haihuwarsa ba kuskure, sai bawan Allah ya sakankance cewa ma'aikacin banki ne, ya karanta masa lambar da aka turo ta saƙo. Wannan lamba, da lambar sirrin kati, su ne ƙofa ta ƙarshe, kuma banki ba ya neman su ta waya.

Hanya ta biyu ita ce a karɓi sabon sim da sunan mai layi. Alamarta ita ce layi ya mutu farat ɗaya alhali na maƙwabta suna aiki, kuma wanda ya ga haka bai kamata ya bari sai ranar kasuwa ba. Ya nemi banki ya rufe asusun, ya isa ofishin kamfanin waya a yinin. Sanya wa sim lambar kulle, da sauya lambar sirrin kati, musamman ga wanda ya saba miƙa ta ga mai POS tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da amfani da lambar NIN ta wucin gadi da hukumar NIMC take bayarwa, wadda take mutuwa bayan sa'o'i 72, duk suna cikin abin da malamai suke kira toshe kafar ɓarna.

Lamunin mai riƙon amana

A nan ne, a ganina, nauyin ya fi yawa. Malaman fiƙihun Malikiyya, a babin ajiya, sun tabbatar cewa wanda aka ba amana ba ya ranko sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta zo kusa da wannan ƙa'ida, inda ta ɗora wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72, ya kuma sanar da masu bayanan idan haɗarin ya yi girma. Shugaban ƙungiyar manoma da ya tara kwafin katunan mambobinsa a buhu, ko ya tura hotunansu ta WhatsApp ga wanda ya yi alkawarin taki, ya shiga wannan hukunci, ko da niyyarsa alheri ce. Sanarwa da Turanci ta imel kuwa ba ta isa ga mutumin da yake ban ruwa tun asuba. Sai an bi da ita ta rediyo, da mumbarin Juma'a, da bakin mai unguwa, da taron ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda dama su suke riƙe da sunayen masu gonaki a kowace magudana.