Kwamfuta, Infaƙul Maisur da jaridun Oman

1/ Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Aikina na shekarar ƙarshe a jami'a shi ne koya wa kwamfuta ta karanta rubutun Larabci ta faɗi fanninsa. Ina zaune a ɗakinmu a Kakuri, wuta ta dawo da daddare, na ce bari in gwada ta da littafin gida.

2/ Na buga mata wani yanki na Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, inda yake ba da labarin yaƙoƙin jihadi. Ta ce addini. Na ba ta Bayan Wujub al-Hijra na Shehu Usmanu, na 1806. Addini. Ga tarihi, ga fiƙihu, duk ta zuba su a kwando ɗaya.

3/ Laifin ba nata ba ne fa. Ita da misalai take koyo. Tarin da na horar da ita da shi, Watan-2004, labaran wata jaridar Oman ne, kashi shida: wasanni, tattalin arziki, al'adu, addini, labaran gida da na waje. To, ina Sakkwato za ta shiga a nan?

4/ Rarraba littattafan Larabci tsohon aiki ne. A Bagadaza, wajen 987, Ibn Nadim, mai kwafa da sayar da littattafai, ya rubuta Fihrist, ya kasa ilimi gida goma: nahawu daban, waƙa daban, fiƙihu daban, falsafa daban. Mutum ne ya zauna ya yanke hukunci a kan kowane littafi.

5/ Mu ma an yi mana irin wannan. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a ABU Zariya, ana bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton takardu. A 1970 Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a gidan Sardauna, nan tsallaken kogi. A 1995 John Hunwick ya fitar da kundin marubutan Larabci na yankinmu, littafi bayan littafi.

6/ Ni dai a ganina wannan wahalar tasu ita ce abincin da kwamfuta ke buƙata. Sun riga sun ce wannan tauhidi ne, wannan wasiƙar sarki ce, wannan magani ne. Saura a buga matanin a haɗa shi da sunan fanninsa.

7/ Bugawar ce aiki. Rubutunmu irin na Magrib ne: fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Manhajar da ta saba da bugun Misira sai ta ɗauki ƙaf a matsayin fa. Ga kuma ajami. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa, duk da harufa iri ɗaya. Kafin a yi maganar fanni, sai an fara gane harshen tukuna.

8/ Malamina ya yarda in canja taken aikin, da sharaɗin ni zan buga shafukan da hannuna. Idan akwai ɗalibin Larabci a Barnawa ko Makera da ya iya karanta warash, don Allah ya yi min magana. Ni Larabcin Islamiyya kawai gare ni.