Tsuntsaye Masu Ƙaura: Yadda Duniya Ta Gano Hanyarsu

Jama'a, kowa a ƙasashenmu ya san idan shamuwa ta sauka kan bishiyar gari, damina ta ƙarato, sai manomi ya shiga gyaran gona. Ba mai jifarta, ba mai taɓa ƙwanta. Idan kaka ta yi, sai ta tashi ta nufi kudancin Afirka. Kakanninmu sun ɗauke ta baƙuwa mai albarka, suka ba ta haƙƙin baƙunci.

Su ma mutanen Turai suna da tsuntsayen da ke ɓace musu da zarar sanyi ya shigo, kuma sun daɗe ba su san inda suke zuwa ba. Har akwai masanansu da suka zaci wasu ƙananan tsuntsaye cikin taɓon tafki suke nutsewa su yi barci sai sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da ƙauyen Klütz a Jamus, da mashi irin na tsakiyar Afirka soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare Sahara ta koma gida. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Bayan shekara 70 sai shaida ta biyu ta fito daga Sudan. A 1892 aka kashe wani tsuntsu dangin gauraka a yankin Dongola, da ɗan kwanso rataye a wuyansa, da takarda a ciki. Aka kai wa Halifa Abdullahi a Omdurman, shi kuwa ya sa aka kirawo fursunansa Rudolf Slatin ya karanta. Ashe wani mai kiwon namun daji ne a kudancin Daular Rasha, cikin Yukren ta yau, ya saki tsuntsun yana roƙon wanda ya same shi ya aiko masa da labari. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, hanyar da masu bincike ke bi har yanzu.

Sanin hanya ya nuna wa duniya abin da ba ta yi zato ba. A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya faɗa wa yankin Sahel ne ya karkashe su, farin nan da ya yi ta ci har ya halaka dabbobin makiyayanmu a 1973. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma.

Da yake tsuntsu bai san iyakar ƙasa ba, ƙasa ɗaya ba ta iya kare shi. Don haka aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar a Iran a 1971 domin kiyaye fadamu da tafkuna, sai ta Bon a 1979 kan halittu masu ƙaura. Daga 2006 kuma aka keɓe ranar tunawa da tsuntsaye masu ƙaura a duniya.

Wani zai ce wannan damuwar Turawa ce. To, a dubi arewacin Kamaru. Da aka gina madatsar ruwa ta Maga a 1979, ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza da Logon ta ragu ƙwarai. Ciyawa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, masunta da makiyaya suka watse, tsuntsaye ma suka ragu. Da aka sake buɗe wata hanyar ruwa a 1994, sai ciyawa ta tsiro, shanu da kifi da tsuntsaye suka komo tare.

Suratul An'am ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Saboda haka mu hana yaranmu ɗana musu tarko a mashaya, mu daina sare bishiyoyin da suke kwana a kai, kada kuma a zuba maganin ƙwari kusa da ruwa. Wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ya rubuta lambar ya kai wa jami'an gandun daji. Allah Ya ba mu damina mai albarka.