Tsamiyarmu Da Aka Laƙaba Wa Sunan Indiya

A kantunan Kano da Haɗeja ana sayar da mai da garin wani ɗan itace na ƙasar Indiya wai shi amla. Ɗan kore ne mai tsami da bauri, girmansa bai wuce na ƙaramin lemun tsami ba. Masu maganin gargajiyar Indiya sun daɗe suna ba da shi don gyaran ciki da na gashin kai, masana kimiyya kuma sun tabbatar yana da bitamin C mai yawa. Ni ban ƙi shi ba. Amma da yake a bakin kogin Haɗeja na tashi, so nake in jawo hankalin mai karatu ga tamu tsamiyar, wadda tarihinta ya sarƙe da Indiya ta hanya mai ban mamaki.

Yawancin masana tsirrai sun yarda cewa Afirka ce asalin tsamiya, daga nan ta ƙetara Indiya tun zamanin da. To, Larabawa a hannun fataken Indiya suka riƙa sayenta, sai suka ce mata tamar hindi, watau dabinon Indiya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace ta tare da amla cikin littafinsa na magani, Al-Ƙanun. Sa'an nan a 1753 Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya raɗa mata sunan kimiyya Tamarindus indica. Ka ji yadda aka yi wa ɗiyar gida suna a gidan baƙi.

Alhali kuwa kakanninmu sun san amfaninta sarai. Da ita ake dama kunun tsamiya, musamman da azumi. Ruwanta ake zuba wa tuwo don ya kwana bai lalace ba. Mai taurin ciki a jiƙa masa ya sha, mai zazzaɓi ma a ba shi ya kashe ƙishirwa. Har ila yau akwai tsutsar da ke cin ganyenta, wadda daga saƙarta ake samun zaren tsamiya na aikin manyan riguna. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa Gumel a 1851 lokacin da Sarki Buhari na Haɗeja ke yaƙe-yaƙensa, ya yabi kyan itacen ƙwarai. Likita Dalziel kuma ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Gaskiya ne ba ta kai amla bitamin C ba, amma wannan giɓi garin 'ya'yan kuka ya cike mana shi tuntuni.

To, yaya ta kasance a fadamarmu? An yi farin 1973, aka kammala madatsar Tiga a 1974, wani farin ya biyo a 1984, ga madatsar Challawa a 1992. Ambaliyar da ke shayar da fadama kowace damina ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masu itace da gawayi kuma suka shiga dazuzzuka da gatari. Dajin Baturiya ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, amma takarda ba ta hana sara. A da tsoron iskoki kan sa a ƙyale tsamiya, yanzu tsoron ya yi sauƙi, dokar da za ta maye gurbinsa kuwa ba ta yi ƙarfi ba.

Indiyawa sun dasa, sun rubuta, har ƙasarsu ta zama kan gaba wajen noman tsamiya. Mu kuwa gada muka yi muna ci, ba mu dasawa. Tsamiya takan yi shekara bakwai ko fiye kafin ta haihu, saboda haka wanda ya jinkirta, jikokinsa ya cuta. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, in an tafi hutu a tambayi tsofaffi magungunan da suka sani, a rubuta da Hausa, kowa kuma ya dasa ko guda ɗaya. Allah ya sa mu dace, amin.