Ma'aikatar Shari'a ta Nijar da Matsayin Tafinta

Ma'aikatar Shari'a ta Nijar ba ta faro daga fili ba, gado ta tarar. Tun da dokar 10 ga Nuwamba 1903 Faransa ta raba shari'a gida biyu a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta: kotunan Faransa domin ƴan ƙasar Faransa, da kotunan gargajiya domin talakawan mulkin mallaka. Dokar 3 ga Disamba 1931 ta tsara waɗannan na biyu hawa biyu, a bisa al'ada kumandan ko mataimakinsa ke shugabanta, tare da dattawa masana al'ada a gefensa. Shi kuwa kumandan sau da yawa ba ya jin Hausa ko Zabarmanci, dattawan ba sa jin Faransanci, saboda haka duk maganar da ta shiga kotu ta bakin tafinta take bi, ta bakinsa kuma hukunci ke fitowa. Akwai kuma tsarin da ake kira indigénat, wanda ya ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da zaman kotu ba. A 1946 aka soke shi, aka kuma mai da shari'ar laifuffuka duka ƙarƙashin dokar Faransa.

Bayan samun ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, aikin farko na ma'aikatar shi ne ba ƙasa dokokin kanta. Kundin hukunta laifuffuka ya fito ran 15 ga Yuli 1961, na hanyoyin bin ƙara ran 14 ga Agusta, sannan doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotunan a tsari guda. Dokokin 2004 da 2018 sun sake wannan tsari.

Ana yi wa ministan laƙabin mai tsaron hatimin ƙasa. Shi ke shirya daftarin dokokin da suka shafi kotuna, shi ke lura da ma'aikatansu da gidajen kaso, masu gabatar da ƙara da sunan gwamnati kuma a ƙarƙashinsa suke. Amma alƙalin da ke zaune bisa kujerar hukunci, a ƙa'ida, ba ya karɓar umurni daga gare shi.

Abin da ya fi dacewa masu binciken harshe su duba shi ne matsayin al'ada. Dokar 1962 ta haɗe kotuna, amma ba ta haɗe dokoki ba: a sha'anin aure, da saki, da gado, da gonar da ba ta da takardar mallaka, al'adar masu ƙara ake bi, da shawarar dattawa masana al'ada. Wato manomin Maraɗi zai kawo ƙarar iyakar gona da Hausa, bisa al'adar da ba a rubuta ba, shaidu su yi rantsuwa da Hausa, amma abin da magatakarda zai ajiye a rubuce Faransanci ne. Idan aka ɗaukaka ƙara, wannan rubutu ne ke tafiya gaba.

Kalmomin kansu ba su daidaita ba. Faransanci ya raba laifi hawa uku, crime da délit da contravention, kowanne da kotunsa da nauyin hukuncinsa. Hausar yau da kullum laifi kawai take cewa. Wanda aka tsare kafin shari'a da wanda aka yanke wa ɗauri, duka “yana kaso” ake ce musu, har iyalin na farkon su ɗauka an gama da shi. Mafi haɗari shi ne sursis, ɗaurin da aka jingine: in tafinta ya ce “an sake ka”, mutumin zai tafi gida bai san cewa wani laifin zai ta da tsohon hukuncin ba. Ko sunan ma'aikatar da kansa yana da wannan matsala, domin a kunnen Bahaushe shari'a tana nufin aikin kotu, tana kuma nufin dokar Musulunci.

Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan rubutun Hausa, ma'aikatan yaƙi da jahilci suka yi aiki da su a ƙauyuka. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, kundin Maris 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Haruffa dai an same su tuntuni. Aikin da ke gaban ma'aikatar da masana harshe shi ne a zauna da alƙalai da tafintocin kotu na Damagaram da Tawa da Maraɗi, a tattara yadda kowannensu ke fassara sursis, a tsai da kalma ɗaya.