Asalin Kalma: Lodi

Kalmar lodi aro ce daga Turanci, inda take nufin kayan da aka ɗauka. Direbobi da 'yan kamasho ne suka yaɗa ta, har ta zama sunan aikin ɗora kaya. A dazukan Ondo da Edo, lodi shi ne ɗora gumagumai kan tirela a ɗaure su da sarƙa. A Na'ibawa ta Kano, 'yan dako ke sauke lodin katako. A tasha kuwa, in an ce mota tana lodi, fasinja take jira. Har aikatau muka ƙera daga gare ta: ana loda itace a mota, ana loda kati a waya. Baƙuwa ta zama 'yar gida.