Jean-Michel Basquiat: Daga Bangon Titi Zuwa Ɗakunan Baje Kolin Zane

An haifi Jean-Michel Basquiat ranar 22 ga Disamba, 1960, a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka. Mahaifinsa, Gérard, akanta ne ɗan asalin Haiti. Mahaifiyarsa, Matilde, iyayenta mutanen Puerto Rico ne. Ita ce ta riƙa kama hannunsa tana kai shi gidajen adana zane-zane na birnin, har ta yanka masa katin zama ɗan ƙungiyar yara ta gidan tarihin Brooklyn yana ɗan shekara 6. Ya tashi da harsuna uku a bakinsa: Turanci da Faransanci da Sifaniyanci. A 1968 mota ta buge shi yana wasa a titi, aka yi masa tiyata aka cire masa saifa. Yana kwance a asibiti mahaifiyar ta kawo masa Gray's Anatomy, littafin da ɗaliban likitanci ke koyon sassan jikin mutum da shi. Haƙarƙari da ƙoƙon kai da hanji da suka cika zane-zanensa daga baya, a gadon jinyar nan ya fara ganinsu. A shekarar ce kuma auren iyayensa ya mutu, ya ci gaba da zama wurin mahaifinsa, ita kuwa uwar ta shiga fama da taɓin hankali.

Birnin da ya girma a cikinsa ya riga ya san rubutun bango tun kafin ya ɗauki gwangwanin fenti. A 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani yaro ɗan aike mai rubuta laƙabinsa, TAKI 183, duk inda ya bi. Kafin a ankara dubban yara, galibinsu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka daga unguwannin talakawa, sun rufe jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin da sunayensu. A 1972 magajin gari John Lindsay ya ƙaddamar da yaƙi da su. Sai dai baitulmalin birnin ya kusa ƙarewa ƙaf a 1975, gidaje suka zama kufai, haya ta faɗi a kudancin Manhattan, matasa masu zane da makaɗa suka kwararo can. Yaran jirgi ba sa kiran kansu masu zane, marubuta suke ce wa junansu, kuma abin da suke gasa a kai shi ne salon harafi da yawan taragon da suna ya hau.

Basquiat bai bi wannan hanya ba. A makarantar City-As-School ya haɗu da Al Diaz, wanda shi ya taɓa yin rubutun jirgi, suka ƙirƙiro sunan SAMO. Sunan ba shi da alaƙa da «samo» ta Hausa. Taƙaitawa ce ta wata baƙar magana ta 'yan birnin mai nufin abin nan dai na kullum. Daga wajajen 1977 zuwa 1979 suka riƙa fesa gajerun jimloli da manyan baƙaƙe marasa ado, masu kama da habaici, suna zolayar 'yan siyasa da masu kuɗi da 'yan bokon da ke shawagi a harkar zane. Sun riƙa haɗa sunan da alamar nan ta haƙƙin mallaka da ake gani a littattafai. Abin lura shi ne inda suka zaɓa su rubuta: bangayen SoHo, unguwar da dillalan zane suka kafa shagunansu. Wanda ya rubuta sunansa a jirgi yana magana ne da 'yan'uwansa marubuta, wanda kuwa ya rubuta a ƙofar dillali ya san kunnen da yake nema. A Disamban 1978 jaridar Village Voice ta bayyana ko su wane ne SAMO.

A shekarar ya bar makaranta ya kuma bar gida, yana ɗan shekara 17. Yana kwana a ɗakunan abokai, yana sayar da katuna da rigunan da ya yi wa zane don ya samu na abinci. Ya riƙa fitowa a shirin talabijin na Glenn O'Brien mai suna TV Party, ya kuma kafa ƙungiyar kiɗa da ya raɗa wa Gray. Da suka ɓata da Diaz, sai aka wayi gari a farkon 1980 bangayen SoHo na ɗauke da sanarwar cewa SAMO ya mutu. Duka-duka zamansa na titi bai wuce shekara uku ba.

Ƙofa ta fara buɗewa a Yunin 1980, lokacin da wasu ƙungiyoyin matasa suka mamaye wani tsohon gini suka yi baje kolin da aka sani da Times Square Show, inda aka ba shi bango. A Fabrairun 1981 Diego Cortez ya shirya baje kolin New York/New Wave a cibiyar P.S.1 da ke Queens, ya ware wa Basquiat wuri mai faɗi a cikin masu zane sama da 100. Nan dillalai uku suka gan shi: Emilio Mazzoli na Italiya, Bruno Bischofberger na Zurich, da Annina Nosei ta New York. A watan Mayu Mazzoli ya yi masa baje kolinsa na farko shi kaɗai a garin Modena. Kafin ƙarshen shekarar Nosei ta ba shi ɗakin ƙasa na shagonta da ke titin Prince ya zama wurin aikinsa, ta saya masa fenti da manyan allunan ƙyalle. Wanda a da ƙofofi da tagogin da aka yar a bola yake tsinta ya yi zane a kansu, yanzu ya samu kayan aiki iya son ransa. A Disamba Rene Ricard ya rubuta dogon sharhi a kansa a mujallar Artforum.

Zaman ɗakin ƙasan nan ya jawo surutu. Masu saye kan sauko su tsaya a kansa yana aiki, wani lokaci a ɗauke zane fenti bai gama bushewa ba, shi kuma yana ganin bai kammala ba. Jama'a suka fara yaɗa cewa an kulle wani baƙin yaro a ƙarƙashin ƙasa yana yi wa Turawa zane. Maganar ta ƙona masa rai, ya ce da farar fata ne da cewa kawai za a yi an ba mai zane masauki. Duk da haka, ayyukan da ya yi a 1981 da 1982 su ne har yau ake ɗauka mafi ƙarfi a cikin abin da ya bari.

Shekarar 1982 ta zo masa da gudu. A Maris ya yi baje koli a shagon Nosei, a Afrilu a wurin dillali Larry Gagosian a Los Angeles, a Yuni kuma aka sa shi a baje kolin Documenta 7 a birnin Kassel na Jamus yana da shekara 21, mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗanda aka gayyata. Ya rabu da Nosei, Bischofberger ya zama babban dillalinsa, shi ne kuma ya haɗa shi da mai zane Andy Warhol a watan Oktoba. A 1983 ya shiga baje kolin gidan tarihin Whitney da ake yi duk shekara biyu, ya kuma kama haya a ginin Warhol mai lamba 57 a titin Great Jones.

Bai bar titi a baya gaba ɗaya ba. Rubutu ya biyo shi kan allo: kalmomi a jere, wasu an maimaita, wasu an soke su da layi, domin a cewarsa kalmar da aka soke ita ido ya fi son karantawa. Kambin sarauta mai tsini uku ya zama hatiminsa, yana ɗora shi a kan baƙaƙen fatar da yake ganin tarihin zane ya manta da su. Ya zana 'yan dambe irin su Joe Louis da Sugar Ray Robinson da Muhammad Ali, da makaɗan jaz irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie. Cinikin bayi da mulkin mallaka da 'yan sanda suna yawan fitowa a aikinsa. Amma sunan «ɗan rubutun bango» ya ƙi jininsa, kuma yana da hujja. Mutumin da ya yi nazarin Picasso da Cy Twombly da Leonardo da Vinci, 'yan jarida suka nace da kwatanta shi da ɗan titi mai baiwar da ba ta san makaranta ba. Laƙabin ya taimaka wajen sayar da zanen, ya kuma rage wa mai zanen daraja.

A Satumban 1983 'yan sandan jirgin ƙasa suka kama wani matashi baƙar fata mai zane, Michael Stewart, bisa zargin rubutu a bangon tasha. An kai shi asibiti a sume da raunuka, ya rasu bayan kwana 13, daga baya kotu ta wanke 'yan sandan da aka gurfanar. Abin ya girgiza Basquiat, ya riƙa faɗa wa abokansa cewa da shi ma abin zai iya faɗawa. Ya zana lamarin a bangon ɗakin aikin mai zane Keith Haring, zanen da aka sani da Defacement. A lokacin kuɗi na shigo masa ba ƙaƙƙautawa, amma direbobin tasi kan wuce shi a bakin titi saboda launin fatarsa.

A 1984 ya koma shagon Mary Boone. Ranar 10 ga Fabrairu, 1985, hotonsa ya fito a bangon mujallar New York Times, sanye da kwat, ƙafa ba takalmi. A Satumban shekarar aka baje zane-zanen da suka yi tare da Warhol a shagon Tony Shafrazi. Masu sharhi suka yi musu ca, wata ma ta nuna cewa Warhol ya mayar da shi ɗan rakiya, abin da ya sanyaya abotarsu. A 1986 ya je Afirka, aka baje aikinsa a cibiyar al'adun Faransa da ke Abidjan, ya kuma ziyarci Korhogo a arewacin Kwaddibuwa. Rasuwar Warhol a Fabrairun 1987 ta same shi yana cikin shan ƙwaya mai tsanani, ya ƙara janye jiki daga mutane. Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 1988, a gidan titin Great Jones, sanadin heroin da ta yi masa yawa, yana da shekara 27. An binne shi a maƙabartar Green-Wood a Brooklyn.

Manyan gidajen tarihin Amurka sun yi jinkirin karɓarsa. Sai a 1992 Whitney ya yi babban baje kolin da ya tattaro aikinsa tun daga farko. Kasuwa kuwa ba ta jira su ba. A Mayun 2017 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani zanen ƙoƙon kai da ya yi a 1982 ga attajirin Japan Yusaku Maezawa a kan dala miliyan 110.5, zanen da aka saya dala 19,000 a 1984. Tsadar ta jawo 'yan jabu. Kwamitin da magadansa suka kafa don tantance ayyukansa ya daina aiki a 2012, a 2022 kuma jami'an FBI suka kwashe zane 25 da ake jingina masa daga wani gidan tarihi a Orlando ta jihar Florida.